Bangon da Kowa Ya Juya Baya

Tsohon siton da ke fuskantar shagona yana da dogon bango, wanda aka ce fari ne a da, amma a zamaninmu ya koma launin ruwan wanki. Ni bai taɓa damuna ba. Mai aski ne ni, madubi nake kallo daga safe har yamma, kuma abin da ke cikin madubin, ba don yabon kai ba, ya fi kowane bango daɗin kallo. Malama ce bangon ya tsone wa ido.

Malama ita ce tsohuwar shugabar makarantar unguwarmu. Ta yi ritaya daga aiki, amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba. Rabin magidantan layinmu sun ratsa ta ajinta, shi ya sa har yau in ta ɗaga yatsa, mutum mai furfura sai ya cire hannu daga aljihu. Ita ce ke jan ƙungiyar wasanni da zane-zane ta unguwa. Ta sa mun yi wasan kwaikwayo a filin makaranta, ta sa yara sun yi gasar waƙa, ta taɓa sa mu nunin ɗinki inda ni da ban san ramin allura ba aka naɗa ni alƙali. A wannan shekarar ta ce bangon sito za a zana, a sa mutanen layinmu a jiki, kowa da kamanninsa.

Aka ba Buroshi aikin. Shi ne mai rubuta allunan shaguna, siririn mutum marar yawan magana, wanda fenti ya riga ya zauna a ƙarƙashin faratansa. Bai daɗe da tarewa a unguwar ba, amma hannunsa na da kyau. Masu shaguna suka kawo ragowar fentinsu, kafinta ya haɗa masa abin taka, aiki ya kankama.

Ranar da fuskoki suka fara fitowa, ranar zaman lafiya ya ƙare.

Mai Nama ne ya fara. Ya taho daga teburinsa yana goge hannu a gaban riga, ya tsaya ya ɗaga kai. "Buroshi, wannan tumbin na waye? Ni ne ko tulu?"

"Yadda na gani na zana," in ji Buroshi.

"To idonka na buƙatar tabarau."

Nas ta dawo daga asibiti ta ce an ƙara mata shekaru, ko yayarta ba ta tsufa haka ba. Tela ya ce idonsa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Direban bas ya ce an ba shi kunnen wani. Ni kuwa da na tsaya ina yi musu dariya, sai na hango nawa hancin. Wanzami ba ya son jarfa. Na ajiye almakashi, na bar mutum da rabin kai a aske, na tsallaka titi na gaya wa Buroshi cewa hancin da ya maƙala mini ya fi kama da murfin buta.

Buroshi ya gyara tumbi, ya rage shekaru, ya daidaita ido. Mai Nama ya dawo ya ce yanzu an ramar da shi, mutane za su zaci namansa ba ya ƙosarwa. Buroshi ya tattara kayansa ya tafi. Wata safiya na buɗe shago sai na tarar da shi a saman abin taka da babban buroshi, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya yana shafe su da fari.

Kafin hantsi layi ya taru. Malama ta zo da lemarta, ta tambaye shi dalili.

"Malama, fuska na da mai ita a kusa," ya ce. "Daga yau kowa zai juya baya. Ba wanda ya san ƙeyarsa balle ya yi mini gardama a kanta."

Muka buɗe baki za mu yi ca, Malama ta ɗaga yatsa. Ta ce shawara ce mai kyau, za a zana mu duka muna kallon gaba, kamar jama'ar da ke jiran fitowar rana. Ta ce wannan shi ne fasaha. Mu dai mun san fushi ne, amma wa zai faɗa?

Abin mamaki, sai aikin ya yi kyau. Kuma nan ne darajata ta tashi, domin duk layin nan ba wanda ya san ƙeyoyin mutane kamar ni. Su nake kallo ina cin abinci. Buroshi kan leƙo shago ya tambaya, ni kuma in ba da fatawa: wuyan Mai Nama ninki-ninki ne kamar katifar da aka naɗe, Tela na da sanƙo ɗan kewaye da yake rufewa da hula yana zaton sirri ne, direban bas kunnensa na hagu ya fi ɓallewa. Amma duk lokacin da ya ce in fito in juya masa baya ya zana ni, sai in ƙi. Na ce fuskata ce jarina, in ba za a sa ta ba a bar ni. In ya matsa na tsaya, kafin ya ja layi biyu na waiwayo ina murmushi. Har ya gaji ya daina kira na.

Ana cikin haka Inna ta shigo maganar.

Inna mahaifiyata ce, tare muke zaune a ɗakunan da ke bayan shago. Mace ce da ba ta roƙo. In tana son abu sai ta kewaye shi ta wuce, in ka gane ka gane. Ran nan ta kawo mini abincin rana, maimakon ta ajiye ta koma kamar kullum, sai ta zauna a bencin masu jira tana kallon bangon ta ƙofa.

"Tunda baya ake zanawa," ta ce a hankali, "ba za a sa Babanku ba?"

Cokali ya tsaya mini a hannu.

Baba mai gyaran famfo ne. Da wuya ka sami gida a layinmu da bai taɓa durƙusawa a ƙarƙashin bututunsa ba. Ya rasu ina ƙaramin aji. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, ɗan ƙarami, Inna na ajiye shi a ƙasan akwati. Sai ga shi a gidan mai gyaran famfo, bayan ba shi, bututu ya fashe, ruwa ya kwana a akwatin. Abin da ya rage a takardar wani dishi-dishi ne kawai da kwalar riga. Ni kaina ina tuna muryarsa da warin ƙarfe a tafin hannunsa, amma fuskarsa ta daɗe da guje mini. Lokacin da ake zana fuskoki Inna ba ta ce komai ba, don ta san ba abin da za a kwaikwaya. Yanzu da kowa ya juya baya, sai ta ga ƙofa ta buɗe. So take ta fito da safe ta gan shi tsaye cikin mutanensa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta nemi wani abu don kanta ba sai wannan.

Na je wa Malama da maganar ina shirin dogon bayani. Ta katse ni. "Famfon makaranta shi ya haɗa shi. A sa shi."

Matsalar ita ce Buroshi bai taɓa ganin Baba ba. Sai muka tara waɗanda suka san shi a shagona, Buroshi ya zauna da fensir da takarda a cinya.

"Dogo ne," in ji Tela. "Ni na auna shi."

"Gajere ne kakkaura," in ji Mai Nama. "Ni na yi kokawa da shi muna samari."

"Kai da ya kayar, daga ƙasa ka gan shi, ai da dogo za ka ce."

"Wa ya kayar? Santsi ne ya ɗebe ni!"

Nas ta ce yana ɗan ɗingishi. Direban bas ya ce ba ɗingishi ba ne, nauyin jakar kayan aiki ne. Malama ta ce abin da take tunawa shi ne ba ya makara, wanda ko Buroshi bai san yadda ake zana shi ba. Aka juya ga Inna, wadda ke zaune a gefe ta harɗe hannuwa.

"Yaya, ke za ki raba gardama," in ji Malama.

Inna ta rufe ido, ta buɗe. "In na rufe ido ina ganinsa sarai," ta ce. "In na buɗe baki sai ya ɓace."

Buroshi ya yi abin da zai iya. Ya ɗebi tsawon Tela ya haɗa da kaurin Mai Nama, ya raba biyu, ya fito da wani mutum mai faɗin kafaɗa da gajeren wuya a can ƙarshen bango, riƙe da jaka. Muka kira Inna. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana," ta ce wa Buroshi. "Allah ya yi albarka."

Buroshi ya washe baki. Ni kuwa na san wannan muryar. Da ita take yaba wa baƙuwar da ta kawo mata atamfar da ba za ta taɓa ɗaurawa ba. Na ja shi gefe na ce a sake. Ya rage kafaɗa, ya ƙara wuya. Inna ta zo ta ce, "Ya yi kyau." Ya karkata jakar, ya canza launin riga. Wannan karon ba ta zo ba ma, ta ce ƙafarta na ciwo. Daga nan sai na lura in za ta kasuwa ta ƙofar baya take fita, ta zagaya ta wani layi, don kada ta bi ta gaban bangon. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Da ban ɗauko maganar da zafi ba, da tana da mijinta lafiya lau a cikin zuciyarta. Yanzu na sa an kafa mata baƙo a ƙofar gida an ce shi ne.

Ranar buɗe bango ta zo. Tela ya haɗa tsofaffin zannuwan gado ya ɗinke su suka rufe zanen daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aka tare titi da bencina, aka jera kujerun makaranta. 'Yan makaranta suka yi waƙa, rabinsu na gaba rabinsu na biye. Malama ta yi jawabin da ta ce gajere ne, har inuwar sito ta matsa daga kan manyan baƙi ta bar su a rana. Ni na sha sabon aski, na sa rigata mai aiki a wuya, na fesa turare. Ko ba a sa fuskata a bango ba, ai ina iya kai ta wurin da kaina.

Aka ja igiya, zannuwa suka zube, layi ya ɗauki sowa.

Gani ya kori ji. Ga mu nan jere, duk mun ba titi baya, muna kallon wani haske ruwan gwal da Buroshi ya shimfiɗa a sama. Abin dariyar, ba mai gane kansa, sai dai a nuna masa. "Ga ka nan!" "Ni? Haka kaina yake?" "Wallahi haka yake, mu muka sani!" Matar Mai Nama ta rantse ko cikin dubu za ta gane wuyan nan. Tela ya ga an zana shi ba hula, ya dafe tsakiyar kansa ya duba ko'ina yana neman wanda ya tona masa asiri. Na yi kamar ina ɗaure takalmi.

Sai na bi bangon daga farko ina kiran sunaye kamar mai duba aji. Wannan Nas, wannan direba, wannan mai shayi, wannan kafinta. Duk wanda ya taɓa zama a kujerata na gane shi. Akwai wani guda a tsakiya, mai farar riga da hannu a naɗe, da ban gane ba, na ce wataƙila sabon ɗan haya ne da ke aski a wani wuri, na yi masa tsaki na wuce. Na kai ƙarshe, wurin mai jaka. Ban ga kaina ba.

Raina ya ɓaci. Ni na ce a bar ni, gaskiya ne, amma ai ana cewa a bar ni don a lallashe ka. Na nemo Buroshi cikin taro na kama hannun rigarsa.

"Duk fatawar da na ba ka, sakayyata ke nan? Har kyanwar mai shayi ka sa, ni ka bar ni?"

"Almakashi, ka cika ƙorafi," ya ce, don haka suke kira na. "Na sa ka mana. Tunda ka ƙi tsayawa, da safe na riƙa satar ka, lokacin da kake tsaye a ƙofar shago kana jiran mutane. Zo in nuna maka."

Ya ja ni muka kutsa. Kafin mu isa sai na ga mutane sun ɗan ja baya sun buɗe fili. Inna ce a tsaye a gaban bangon. Malama ce ta je har ɗaki ta fito da ita, kuma na ga lokacin da suka wuce mai jaka, Inna ta gaishe shi da kai kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Yanzu kuwa ta tsaya cak a tsakiya, gaban mai farar rigar nan da na yi wa tsaki. Mutumin ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, hannun hagu a ƙugu, kansa a ɗan karkace zuwa dama.

Inna ta ɗaga hannu ta dafa bayansa, daidai tsakanin kafaɗu.

"Ashe kana nan," ta ce.

Ta juyo tana neman Buroshi, idonta ya cika. "Ɗana, wa ya gaya maka? Haka yake tsayawa. Haka yake karkata kai, kamar mai sauraron ruwa a cikin bango. In na daɗe ina shiri, haka zan fito in same shi a ƙofa. Ni na kasa faɗa, kai ka gani."

Buroshi ya ɗaga yatsa zai nuna ni, ya buɗe baki. Na take masa ƙafa da duk nauyina. Ya haɗiye maganar tare da ihun.

Sai a lokacin na gane. Ni da na san ƙeyar kowa, tawa ce na wuce na yi wa tsaki. Na ƙara dubawa. Shekaruna yanzu sun kai na Baba lokacin da ya tafi. Ashe tsayuwarsa na gada ban sani ba.

Na dubi jama'a. Duk sun san bayan waye, kullum suna ganinsa a ƙofar shago. Tsoro ya kama ni, don layinmu ba a san shi da riƙe magana ba, balle Mai Nama da bakinsa ba ya da ƙofa. Shi ne kuwa ya matso. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya sake duban zanen, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Wallahi shi ne, Inna," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Yanzu na tuna. Dogo ne."

"Na gaya maka," in ji Tela, yana share ido da hularsa, sanƙo a waje, bai damu ba.

Malama ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ke cewa duk wanda ya yi magana zai gamu da ita. Ba wanda ya yi.

Inna ta daɗe a wurin. Yara suka koma waƙa, aka fara raba abin sha, ita tana tsaye. Can ta juyo gare ni.

"Kai fa, ina naka?"

Na waiga hagu da dama. Kowane baya da mai shi, saura ɗaya. Na miƙa hannu na nuna ƙarshen bango, wurin mai faɗin kafaɗa da jaka.

"Ga ni can, Inna. Jakar kayan aski ce."

Mai Nama ya juya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Na san daga ranar har in mutu ba zan huta da tsiyarsa ba. Inna ta ƙura wa mai jaka ido, ta dawo da kallonta kaina.

"Bai yi kama da kai ba."

"Aikin Buroshi ne, kin san shi."

Buroshi ya ce, "Haka ne, Inna, hannuna ya kuskure," yana ɗingisa ƙafar da na taka.

Inna ta kau da kai daga bangon. Ta gyara mayafinta, ta ce ta gaji, mu je gida. Na matso gefenta zan kama mata hannu mu tsallaka titi, sai ta janye hannun a hankali.

"Wuce gaba," ta ce. "Zan biyo ka."

Na wuce. Ina jin takunta a bayana, ba ta sauri, kuma har muka isa ƙofa ban waiwaya ba.